Ƙuda Ɗan Fashi da Buzuzun Ruwa a Bayan Gidanmu

Romi, Kaduna
Ƙarshen Afrilu

Zuwa ga Yayata Martha,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Yaya Benjamin da 'yarmu Favour, wadda na ji an ce ta yi haƙori tana cizon duk wanda ya ɗauke ta. Yaya aikin asibiti, yaya ruwan Kafanchan? Mu nan Mama lafiya, sai ciwon gwiwar nan da kika sani. Baba ma lafiyarsa ƙalau, har ta yi masa yawa.

Kin ce kada in sake kiranki a waya sai na koyi magana ba ihu. To ga takarda, ita ba ta da maƙogwaro. Zan ba direban Kafanchan a tashar motar unguwar Television tare da bandar kifin da Mama ta aiko miki.

Abin da ya sa na rubuto shi ne 'ya'yan tarwaɗar da Baba ya ƙyanƙyashe suna ƙarewa. Kin san babban kwamin manyan kifi da ƙaramin na 'ya'ya da ke bayan gida. A farko ƙaramin nan baƙi ƙirin yake da su, kamar tururuwa. Yanzu kina iya ganin siminti a ƙasa. Ba ma ganin gawa sosai, raguwa kawai suke yi.

Baba ya riga ya kama ɓarawonsa. Akwai wani ƙwaro da ke zama a kan igiyar shanya da bakin kwami idan rana ta take. Dogo ne siriri, ƙafafu duk gashi, idanu ƙwala-ƙwala, ga wani gemu a fuska kamar tsohon maigadi. Baba ya gan shi ya tashi fir ya yi wajen ruwa, ya dawo rungume da wani abu yana tsotsa. Shi ke nan, an gama shari'a. Yanzu mahaifinmu, mutum da furfurarsa, yana yini da silifa a hannu yana sanɗar ƙuda. Jiya ya kai wa ɗaya duka, bokitin Mama ya karɓa.

Ni kuwa na sayi wani littafin ƙwari wajen mutumin nan da ke baza tsofaffin littattafai a bakin titin Kakuri. Bangon ya cire, amma hotunan suna nan. Na ga mutumin Baba a ciki. Turawa suna ce masa ƙuda ɗan fashi, kuma sunan bai zalunce shi ba. A iska yake farauta. Yakan zauna yana kallo, idan ƙuda ko zanzaro ko ƙudan zuma ya gifta sai ya cafke shi a sama, ya soka masa baki, ya zuba masa wani miyau da ke narkar da cikinsa, ya tsotse ya yar da ɓawon. Mugu ne, ban hana ba. Amma Yaya, ba ya shiga ruwa. Ko tsutsarsa a cikin ƙasa take girma. Abin da Baba ya gani a hannunsa ƙaramin mazari ne, ko ƙudajen da ke bin abincin kifi.

Mai laifin yana ƙasa. Na sa rariya na kwaso gindin kwami, sai ga wani buzuzun ruwa, baƙi mai sheƙi, gefensa rawaya, sumul kamar an shafa masa mai, ƙafafun baya kamar filafilin kwalekwale. Ki gan shi ki ce dattijon coci ne. Yakan ɗago gindi sama ya ɗebi iska a ƙarƙashin fiffike ya koma ƙasa da guzurinsa. Shi ma yana cin 'ya'yan kifi, amma 'ya'yansa sun fi shi ta'adi.

Ga inda gizo ke saƙar. Buzuzun nan yana tashi da dare, kuma haske yake bi. Kin tuna fitilar sola da Baba ya rataya bara a kan kwami don shinge da sauran ƙwari su riƙa faɗawa kifi su ci kyauta? Bana ya ƙara wata a kan kwamin 'ya'ya. Wato shi da hannunsa ya kunna wa ɓarawo fitila, ya koma yana bin maigadi da silifa.

Na gaya masa. Na kai masa littafin har ɗaki. Bai ko karɓa ba, ya ce Baturen da ya rubuta bai taɓa zuwa Romi ba. Ya ce ni da ban gama komai ba sai sakandare zan koya masa aikin wuta, shi da ya yi shekaru a sashen lantarki na masaƙa. Wa ya yi maganar wuta, don Allah? Maganar ƙwaro nake yi. Mama ta ce in bi a hankali, wai fitilar nan ba fitila ba ce kawai a wurinsa. Na sani. Tun da ya haɗa ta, mutanen zumuntar maza ta coci suke ce masa Injiniya, har ya je ya rataya wa wasunsu a gidajensu. Amma kifi ba su san Injiniya ba.

Ki kira shi ki yi masa magana, yana jin taki. Ki gaishe da Yaya Benjamin, ki sumbaci Favour daga nesa kada ta cije ki.

Ni ne ƙanenki,
Nathan

Romi, Kaduna
Tsakiyar Mayu

Yaya Martha,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata wannan takarda ta same ku lafiya. Na ji an mai da ke ɗakin haihuwa, Allah ya ba da ƙarfi. Mama tana gaishe ki. Na san ta riga ta kira ki, don na ji ta a bayan ɗaki tana magana ƙasa-ƙasa. Ki ji nawa ɓangaren kafin ki rataye ni.

Kin kira Baba kamar yadda na roƙa, na gode. Abin da ya haifar shi ne ya ce na kai ƙararsa Kafanchan.

Sai na ce tunda ba ya yarda da littafi, bari ruwan kwaminsa ya yi masa magana. Na kamo tsutsar buzuzun nan na sa a farar roba. Tsawonta ya kai ɗan yatsa, kanta faffaɗa, da wasu haƙora biyu kamar lauje. Na zuba mata 'ya'yan kifi. Yaya, na tsuguna ina kallo har ƙafata ta yi sanyi. Takan rataye kanta a saman ruwa shiru kamar tsinke. Ɗan kifi ya zo wucewa sai ta damƙe shi. Ba ta taunawa. Ta cikin haƙoran nan take zuba nata miyau, ta tsotse shi ya zama fata. Ashe cinsu iri ɗaya da ɗan fashin sama, sai dai shi a gaban kowa yake yi da rana tsaka, shi ya sa ya sha silifa. Ita kuwa a ƙarƙashin ruwa take, ba wanda ya taɓa zaginta. Na ce a raina, nima haka nake a gidan nan. Mai faɗa a fili shi ne mugu.

Niyyata in nuna wa Baba mu biyu. Allah ne shaidata, niyyata ke nan. Amma ranar Asabar ɗin zumuntar maza a gidanmu ta faɗo. Dattawa suka cika tsakar gida, Mama ta yi musu farfesun kifi, aka yi waƙa aka yi addu'a. Da aka tashi sai Baba ya ja su bayan gida yawon gani. Ina wanke tukunyar bandar Mama ina jin su. Ya nuna musu sabuwar fitila, suna ta Injiniya, Injiniya. Baba Haruna, wanda Baba ya rataya masa irinta, ya ce shi ma 'ya'yan kifinsa suna raguwa. Wani ma ya ce haka. Sai Baba ya ce ya gano maganin abin, ƙudan nan mai gemu ne, kuma gobe bayan coci zai fesa maganin ƙwari na fiya-fiya a bakin kwami da igiyar shanya, kowa ya je ya yi haka.

Fiya-fiya, Yaya! A bakin ruwan kifi! Ke ma'aikaciyar asibiti ce, kin san abin da ɗigonsa ke yi. Da sun bi maganarsa, da duk kifin zumuntar maza sun kwana ciki sama.

Ban san lokacin da na ɗauko robar ba. Na dire ta a tsakiyarsu, ruwa ya fantsama a takalmin Baba Haruna. Tsutsar tana riƙe da ɗan kifi a lokacin, kamar na yi hayarta. Da na tsaya a nan da ya isa. Amma kin san bakina. Na ce ga ɓarawon, kuma fitilar Injiniya ce ke kiran uwarsa. Na ce duk wanda aka rataya masa fitila ya je ya duba kwaminsa ya gode wa mai ratayawa. Na ce masaƙa ta rufe tun ina goye, amma har yau ana cin albarkacinta a gidan nan, wanda ya iya ɗaura waya ya ɗauka ya iya komai. Na ce gara jahilin da ya san bai sani ba.

Wani dattijo ya yi dariya kaɗan ya haɗiye ta. Wannan dariyar ta fi komai muni. Baba ya matso. Ya sunkuya ya daɗe yana kallon robar. Sa'an nan ya miƙe ya raka baƙinsa har bakin titi, yana yi wa kowa godiya da suna.

Ba a fesa fiya-fiya ba. Ki rubuta wannan a inda kike rubuta laifina. Kifin mutane sun tsira saboda ni. To me ya sa Mama ba ta kallona idan tana zuba mini abinci? Idan gida yana cin wuta, ana tsayawa a zaɓi kalma?

Ki amsa mini, ko zagi ne.

Ƙanenki,
Nathan

Romi, Kaduna
Yuni

Yayata,

Ina gaishe ki da kyau, da maigida da Favour. Ina fata zazzaɓin da ta yi ya sauka. Takardarki ta iso, na karanta a bayan gida, na sake karantawa a cikin keke har na wuce inda zan sauka. Kin ce gida bai ci wuta ba, fesawar sai gobe bayan coci aka ce, ina da yamma guda da safiya guda da zan same shi shi kaɗai. Na nemi amsar wannan ban samu ba. Kin san ba kasafai nake rasa amsa ba.

Bari in gaya miki abin da Mama ba ta gaya miki ba, don ita ma ba ta son tunawa. Ranar Litinin Baba ya sa tsohuwar rigarsa ta aiki, ya ɗauki filaya da sukudireba, ya fara da namu fitilun. Sa'an nan ya bi gidajen da ya rataya wa, ɗaya bayan ɗaya, daga nan Romi har Television, a ƙafa. Na bi shi na ce in riƙe masa tsani, ya ce ya gode. Matar Baba Haruna ta gaya wa Mama a kasuwa cewa a kowane gida sai da ya tsaya ya ba da haƙuri, ya ce shi ya jawo musu asara, ɗansa ne ya karanta ya gano. Wai har yana cewa Allah ya ba shi ɗa mai ilimi. Ya dawo da fitilun mutane a buhu, don wasu sun ce ya tafi da su.

Abin da ke cina shi ne, har ta kan manyan kifi ya cire. Yaya, wannan ba ta da laifi. Babbar tarwaɗa buzuzu ya faɗa mata, abinci ne ya zo. Dabarar Baba mai kyau ce, ta rage mana sayen abincin kifi duk bara. Kuskurensa ɗaya ne, da ya kai ta kan 'ya'ya. Na san haka tun ranar da na buɗe littafin. Na san haka lokacin da nake tsaye gaban dattawa. Kalma kaɗan ce, in ce ta manya ta zauna, ta ƙanana a cire. Ban faɗa ba, don da na faɗa da ya rage masa wurin tsayawa, ni kuwa a ranar so nake in kayar da shi duka. Da na gaya masa daga baya, ya ce a'a, a bar su a buhu, kada a sake yin kuskure.

Na yi abin da kika ce. Na je na sami Baba Haruna, ya fara wanke ni tas, ya ce ko a coci ba a gyara wa fasto karatu yana kan bagade, balle uba a gidansa gaban sa'o'insa. Ya ce da na zo wurinsa tun farko da shi zai kai maganar, ta fito daga bakin tsara, Baba ya karɓa yana dariya. Sa'an nan ya rako ni. Na durƙusa a falo gaban Mama. Na shirya wa faɗa, na shirya wa mari ma. Baba ya ce in tashi, ba abin da na yi, gaskiya na faɗa. Ya shiga ɗaki ya fito da makullin ƙofar bayan gida da na ɗakin abincin kifi, ya sa mini a hannu. Baba Haruna ya ce masa, Injiniya, ba haka ake yi ba. Baba ya roƙe shi ya daina kiransa da wannan suna.

Kwanan nan ina yawan zama a bakin kwami da rana. Ƙudan mai gemu ya dawo igiyar shanya tunda ba mai bin sa. A takardata ta baya na ce ni ne shi, mai yi a fili, har ina alfahari. Na zauna na kalle shi da kyau. Ba ya kai hari don a gan shi. Yakan daɗe a zaune, abubuwa da yawa su wuce ya ƙyale su, kuma idan ya ƙoshi ba ya taɓa kowa. Tsutsar ruwa ce ba ta da wannan. Na bar ta a roba, ta gama da kifin da na zuba, da na sa mata 'yar'uwarta ita ma ta tsotse ta. Littafin bai ce komai a kan wanda ya fi wani hali ba, ni ne nake ta neman kaina a cikin ƙwari kamar marar aikin yi. Na zubar da robar a kwata.

Ki yi mini addu'a. Ki gaishe da kowa.

Naki,
Nathan

Romi, Kaduna
Ƙarshen Yuli

Yaya Martha,

Gaisuwa da fatan alheri a gare ku duka. Yaya damina, yaya gajiyar aiki? Mun ga hoton Favour tana tafiya, Mama ta nuna wa duk layinsu a kasuwa. Gwiwar Mama da sauƙi, maganin da kika aiko ya karɓe ta.

Kin tambayi kifi. Kifi suna lafiya. Na zubar da ruwan ƙaramin kwami, na wanke shi, na bar shi ya sha rana, na ɗinke tsofaffin gidajen sauro na rufe samansa. Sabuwar ƙyanƙyasar ta yi kyau fiye da duk wadda muka taɓa yi. Mutane suna zuwa saye har daga Kakuri. Wasu dattawan zumunta ma sun zo in nuna musu yadda ake rufewa. Suna shigowa su gaishe da Baba a ƙofa, su wuce wurina. Yana nuna musu hanya da hannu.

Kin tambayi Baba. Yana ci, yana zuwa coci, yana sauraron rediyonsa. Ba ya fushi da ni, kada ki ɗauka fushi ne. Da fushi ne da na san yadda zan yi da shi. Da safe ina gaishe shi ya amsa da kyau, har ya tambayi yadda na kwana. Idan zai shiga bayan gida sai ya tsaya a ƙofa ya yi sallama. Ran nan ya tambaye ni ko ya halatta ya ba manyan kifi hanjin kaza da Mama ta kawo, ko littafi ya hana. Na dube shi in ga ko ba'a yake yi. Ba ba'a ba ce, Yaya. Jira yake in ba shi izini. Mutumin da ya haƙa ramin nan da hannunsa.

Na gwada duk abin da na sani. Na ce ya zo ya duba mini wayar injin ruwa tana zafi, ya ce in kira mai gyara, idonsa ya yi rauni. Na ɗauko fitila ɗaya daga buhu na ce ya rataya a kan manya, ya ce in rataya in na ga ya dace. Na rataya, ta karkace, ya gani ya wuce. Zumuntar maza ta wannan wata bai je ba, wai ciwon kai.

Shekaranjiya na yi wani abin wauta. Kin san ba abin da Baba ya tsana kamar a bar famfo yana zuba. Ke ma kin sha ranƙwashi a kan haka. Na buɗe famfon tsakar gida har ƙarshe, na bar bokiti yana ambaliya, na shiga ɗaki na tsaya bayan labule kamar ƙaramin yaro. Yana zaune a kujerarsa. Ruwa ya bi ƙasa har ya taɓa ƙafarsa. Ina jira ya ɗaga murya, ya kira ni marar hankali, ya ce wa zai biya, ya tara mini maƙwabta. Na rantse miki da na fito da gudu na durƙusa ina murna. Sai ya tashi a hankali, ya je ya rufe, ya gyara wa bokitin zama, ya koma ya ɗauki rediyonsa.

Ki nemi hutu ki zo, ko na kwana biyu ne. Ki zo da Favour ta yi masa ɓarna a ɗaki, ko ita zai tsawata wa in ji muryar.

Allah ya tsare ku, ya kawo ku lafiya.

Ƙanenki mai ƙaunarki,
Nathan